TUNA BAYA: Seydou Keita, kafintan Bamako da ya ƙware a ɗaukar hoto da hasken tsakar gida

Idan aka ambaci Seydou Keita a majalisar masu kallon ƙwallo, wanda zai fara faɗo wa mutane a rai shi ne ɗan wasan tsakiyar nan na ƙasar Mali da ya taka leda a Barcelona daga 2008 zuwa 2012. Amma tun kafin a haifi wannan, birnin Bamako ya yi wani Seydou Keita, kafinta ɗan kafinta, wanda bai yi karatun boko ba, ya kuma bar wa duniya dubban hotunan mutanen garinsu, waɗanda a yau ake ratayewa a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka.

Mafi yawan waɗannan hotuna a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana, da ƙyalle rataye a jikin bango, kuma sau ɗaya tak yake ɗaukar kowane mutum. Tarihinsa tarihi ne na ɗan koyo da ya fara da ɓata fim, ƙarancin kayan aiki ya tilasta masa lura, har lurar ta zame masa gwaninta.

Haihuwa da tasowa

An haife shi a Bamako wajen shekarar 1921, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa, ana kiran ta Sudan ta Faransa. Shi ne babba a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa Ba Tiekoro da kawunsa Tiemoko kafintoci ne masu haɗa kujeru da gadaje, kuma tun yana ɗan shekara bakwai suka zaunar da shi a gabansu yana koyon sana'ar gidansu. A nan ya tashi cikin zarto da guduma da ma'auni, a sana'ar da ba a yanka katako sai an auna an sake aunawa, domin abin da zarto ya ci ba ya dawowa.

A 1935 kawun nasa ya dawo daga wata tafiya da ya yi zuwa Senegal, ɗauke da 'yar ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie, wadda ta ƙare a hannun yaron. Kyamara ce mai siffar akwati, fim ɗinta hoto takwas kawai yake ɗauka, kuma ba ta da wasu maɓallan gyara da za su ceci wanda bai iya ba. Tana son haske mai yawa, tana son hannun da ba ya rawa, tana kuma son wanda ake ɗauka ya tsaya cik.

Shekarun ɓata fim

Ya fara da na kusa: 'yan gidansu, maƙwabta da yaran shagon kafinta. Kamar yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari a ƙarshen rayuwarsa, da yawa daga hotunan farko lalacewa suka yi. Mutane kan motsa a daidai lokacin ɗauka, hoto ya fito dishi-dishi, har a kasa gane mai shi. Ga shi kuwa ba a ganin kuskure nan take kamar yadda muke gani a waya yau. Sai an cinye fim, an kai wanki, an biya kuɗi, sannan a san abin da aka shuka. Kowane kuskure da farashinsa, kuma daga aljihun ɗan koyon kafinta kuɗin ke fita.

Mutum biyu ne suka riƙe hannunsa. Na farko wani Bafaranshe ne, Pierre Garnier, mai kantin sayar da kayan hoto a Bamako, inda Keita ke sayen fim yana kuma samun shawara. Na biyu shi ne Mountaga Dembélé, malamin makaranta kuma mai ɗaukar hoto ɗan ƙasa, wanda a wurinsa ya samu horo kan wankin hoto. Daga wajen 1939 ya fara samun na cefane da kyamara, yana ɗaukar mutane a bakin titi da cikin gidajensu, ba tare da ya ajiye zarto ba.

Sai a 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto nasa na kansa. Tsakanin ranar da kyamara ta shigo hannunsa da ranar da ya kafa shago, shekara 13 ke nan. Masu kallon hotunansa a yau sukan yi maganar baiwa, amma a manta da waɗannan shekaru na gwaji da asara. Da koyo akan iya.

Shago a bayan kurkuku

A filin gidansu da ke unguwar Bamako-Coura, wato Sabuwar Bamako, ya kafa wurin, a bayan babban gidan yarin birnin. Wuri ne da ƙafa ba ta ɗaukewa, domin ba shi da nisa da babbar kasuwa, da gidan sinima, da tashar jirgin ƙasan da ya haɗa Bamako da Dakar. Fatake da matafiya da ma'aikata duk ta nan suke ratsawa.

Lokacin ma ya dace da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Bamako ta shiga bunƙasa. A 1946 aka soke aikin tilas a yankunan da Faransa ke mulka, kuma a watan Oktoba na shekarar, a Bamako ɗin, aka kafa jam'iyyar RDA mai fafutukar 'yancin 'yan Afirka. Mutanen karkara na kwararowa birni, akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa na karɓar albashi, kowa kuma na son abin da zai aika gida a ga yadda birni ya karɓe shi. Kafin wannan zamani, yawancin hotunan 'yan Afirka da ke yawo a duniya baƙi ne suka ɗauke su, suka buga a katin gaisuwa a matsayin samfurin ƙabila kaza, ba tare da an tambayi mai fuskar yadda yake son a gan shi ba. A gidan Keita kuwa, mai fuskar ne ya zo da ƙafarsa, ya biya da kuɗinsa, hoton kuma nasa ne.

Yadda ya sarrafa rana

Babbar kyamara ya koma amfani da ita, irin mai ƙafa uku wadda mai ɗauka ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Kowane fallen fim ɗinta faɗinsa santimita 13 ne, tsawonsa 18. Yakan ɗora wankakken fim ɗin kai tsaye a kan takardar hoto ya fitar da shi daidai girmansa, ba tare da na'urar ƙara girma ba. Wannan ne ya sa komai ke fitowa tar a hotunansa, daga zaren shadda zuwa layin kitso da zanen lalle. Ƙofar da ke buɗe wa haske hanya a kyamarar ta lalace, saboda haka da hannu yake cire murfin gilashin, ya ƙidaya lokacin a ransa, ya mayar. Fim kuma da tsada, don haka falle ɗaya yake ware wa kowane hoto.

Wanda ke aiki a haka ba shi da damar ya ɗauki ashirin ya zaɓi ɗaya. Dole ya gama dukkan tunaninsa kafin ya taɓa murfi, kuma tunanin farko shi ne na haske.

Bamako tana kusan layi ɗaya da Kano da Katsina a taswirar duniya, saboda haka ranar da ya yi fama da ita, ita ce wadda muka sani. Idan ta take tsaka, daga sama take dukan mutum: goshi da karan hanci su yi ƙyalli, kwarmin ido ya cika da inuwa, mutum ya runtse ido ya yamutsa fuska. Idan kuma baƙin mutum ya sa farar riga, wahalar ta ninku, domin in an bi rigar fuska ta nutse cikin duhu, in an bi fuskar rigar ta wanke ta zama fari fat babu zane. Maganin wannan shi ne inuwa mai faɗi wadda sararin sama ke haskawa, irin ta gindin katanga da hantsi ko da la'asar, inda haske ke zuwa a baje, ya bi fuska a hankali.

Duk wanda ya ƙura wa hotunan Keita ido zai ga irin wannan haske a cikinsu. Ido a buɗe yake, fata ta fito da sheƙinta da launinta, kuma farin yadi bai rasa aikin da ke jikinsa ba. Yana da fitilu, yakan kuma yi hoton dare ga masu so, domin wasu sun fi son sa saboda yana ƙara wa fata haske. Amma shi hasken rana ya fifita har ya bar sana'ar.

Zanin gado a jikin bango

Matsala ta biyu ga mai ɗaukar hoto a waje ita ce abin da ke bayan mutum. Tsakar gida ba ta rasa turmi, igiyar shanya, tulu ko yaro mai leƙe, kuma kyamara ba ta san kara ba, duk abin da ta gani sai ta kwaso. Keita ya warware wannan da abin da ke ɗakinsa: zanin gadonsa mai tuntaye a baki, wanda ya rataya a bango ya yi aiki da shi daga wajen 1949 zuwa 1952. Daga nan ya riƙa sauya ƙyallen duk bayan 'yan shekaru, wani mai zanen furanni, wani mai ganye, wani mai murɗaɗɗen zane, daga baya kuma mai launin toka marar ado. Da ya tsufa, da waɗannan ƙyallaye yake gane shekarar da ya ɗauki kowane hoto.

Abin da ido bai zata ba shi ne yadda atamfa mai zane ke zama a gaban ƙyalle mai zane ba tare da sun yi faɗa ba. A hoton baƙi da fari launuka sun tafi, zane kawai ya rage, sai fuska da hannuwa su zama wurin da ido ke hutawa a tsakiyar adon. Ɗaya daga cikin sanannun hotunansa na wata mata ce da ta kishingiɗa, ta tokare da gwiwar hannu a kan shimfiɗa mai zanen dara, bayanta ƙyalle mai murɗaɗɗen zane, rigarta kuma da nata furannin. Zane uku ne a wuri guda, amma fuskarta ake fara gani.

Mutumin da ke gaban kyamara

Inda ya fi ba da ƙarfi shi ne zaman mutum. Ya manna samfurin hotunansa a bango domin baƙo ya nuna irin tsayuwar da yake so, daga nan shi kuma ya gyara. Yakan karkata kafaɗa kaɗan maimakon a fuskanci kyamara gaba-da-gaba kamar hoton katin shaida, kuma ya yi alfahari da wannan salo na karkatacciyar tsayuwa a matsayin nasa. Yakan baza babbar riga domin a ga yalwar yadin, ya fito da hannu domin a ga zobe da awarwaro. A hotunansa da wuya a ga hannun da aka bari yana lilo: ko yana kan gwiwa, ko ya tallafi haɓa, ko ya dafa kujera. Hannun da ya samu abin yi ba ya rawa, mai shi ma yakan saki jiki, kuma ga kyamarar da ake buɗewa da murfi, wannan natsuwa ita ce bambancin hoto mai kyau da asarar fim.

Ya kuma tanadi kayan aro: kwat da wando irin na Turawa, hula, tabarau, agogo, alƙalami, furen roba, rediyo, tarho, keke da babur ɗin Vespa. Motarsa ƙirar Peugeot 203 ma ta shiga hotuna da dama, har akwai wanda ake hango inuwarsa shi da kyamararsa a jikin motar. Akwai hoton wani saurayi cikin farin kwat da tabarau, alƙalami a aljihu, fure a hannu. Akwai na wani ƙaton mutum cikin babbar riga yana murmushi, da jaririya a cinyarsa. Mai jingina da rediyon da ba nasa ba yana nuna inda ya dosa ne a rayuwa, kuma Keita ya ɗauki wannan buri da muhimmanci. Burinsa shi ne kowa ya fito a mafi kyawun kamanninsa. Wannan ya sa sunansa ya zagaye gari, a ranakun Asabar layi kan yi tsawo a ƙofar gidan, matafiya kuma suka bazu da hotunansa zuwa ƙasashen maƙwabta, da hatiminsa a bayan kowanne.

Wata ɗabi'a tasa da ba wanda ya damu da ita a lokacin ita ce ajiya. Bayan ya miƙa wa mai hoto hotonsa, ba ya zubar da fim ɗin. Yakan adana shi a adaka, ko mai shi zai dawo neman ƙari.

Shekara 15 a aikin gwamnati

Mali ta samu 'yancin kai ranar 22 ga Satumba, 1960, ƙarƙashin Shugaba Modibo Keita. A 1962 sabuwar gwamnatin ta ɗauki Seydou Keita aiki a matsayin mai ɗaukar hoto na hukumar tsaron ƙasa, kuma ba a daɗe ba ya rufe shagonsa. Ya yi shekara 15 yana wannan aiki har ya yi ritaya a 1977. A tsawon lokacin zamani ya juya. Ƙananan kyamarori sun yawaita, matasa irin su Malick Sidibé sun fita suna bin samari da 'yan mata wuraren rawa da bakin Kogin Neja, daga baya kuma hoto mai launi ya zo ya kashe kasuwar baƙi da fari.

Bayan ritaya ya koma ga wani abin da yake ƙauna, wato gyaran injuna da babura. Duk hotunan da duniya ta san shi da su na shekarun tsakar gida ne, daga 1948 zuwa farkon shekarun 1960. Suna nan kwance a adaka kusan shekara 30, mai su yana zaune a unguwarsu kamar kowane tsohon ma'aikaci.

Mai hoton da ba a san sunansa ba

A 1991 aka yi wani baje kolin fasahar Afirka ta ƙarni na 20 a birnin New York, wanda Susan Vogel ta shirya. A cikin kayan da aka nuna akwai wasu hotuna daga Bamako, an rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Wani attajiri mai tara kayan fasahar Afirka, Jean Pigozzi, ya gan su, ya tura wakilinsa André Magnin ya nemo mai su. A 1992 Magnin ya sauka Bamako da kwafin hotunan, kuma Malick Sidibé ne ya dube su ya gane hannun Keita, ya nuna masa gidan. Kafin wannan ma, wata Bafaranshiya mai ɗaukar hoto, Françoise Huguier, ta riga ta san shi, tana kuma cikin waɗanda suka fara fito da aikinsa. Magnin ya koma Paris da fallen fim 921.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. A 1994 Gidauniyar Cartier ta shirya masa baje koli shi kaɗai a Paris, a shekarar ce kuma aka fara bikin hotunan Afirka na Bamako. A 1996 aikinsa ya shiga babban baje kolin masu ɗaukar hoto na Afirka a gidan Guggenheim na New York, wanda ɗan Najeriya Okwui Enwezor yana cikin waɗanda suka shirya. A 1997 aka wallafa littafin hotunansa, aka kuma nuna su a zauren Gagosian. Hotunan da aka yi domin a riƙe a tafin hannu ko a sa a ambulan, aka buga su da girman da ya haura mita guda, ana sayar da kowanne dubban daloli.

Inda kuɗi ya shiga, rigima ba ta nisa. Dab da ƙarshen rayuwarsa dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da Magnin da Pigozzi, ya ɗauki wani wakilin, Jean-Marc Patras. Ya rasu a Paris ranar 21 ga Nuwamba, 2001, yana da kimanin shekara 80, ya bar taƙaddama kan wanda ke da iko da waɗancan fina-finai da kuma waɗanne bugu ne na halal, har ta kai gaban kotu. A 2016 zauren Grand Palais na Paris ya shirya gagarumin baje kolin waiwaye kan rayuwarsa da aikinsa.

Abin da ya bari

Najeriya ma tana da irinsa. Jonathan Adagogo Green na Bonny, wanda ya rayu daga 1873 zuwa 1905, shi ya ɗauki sanannen hoton Oba Ovonramwen na Benin a cikin jirgin ruwa a 1897, kuma an daɗe ana yaɗa hotunansa ba tare da an san ɗan ƙasa ne ya ɗauka ba. J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya shahara da hotunan kitson matan Najeriya, shi ma da Brownie ya fara a 1950.

A Abuja ta yau, kusan kowane ofis yana da wanda ake miƙa wa waya idan an zo bikin bankwana, ko mai gida ya karɓi baƙi, ko an fita da iyali Millennium Park ko bakin Tafkin Jabi. Wayar da ke hannunsa ta fi kyamarar Keita komai, amma sau da yawa akan jera mutane a filin ajiye motoci da rana tsaka, a danna sau talatin, a rasa guda ɗaya da za a sa a bango. Abin da Keita ke yi kafin ya cire murfi har yanzu shi ne aikin: ya nemi inuwa mai haske, ya duba abin da ke bayan mutum, ya karkata kafaɗa, ya ba hannu abin yi, ya jira fuska ta natsu. Babu ɗaya a ciki da ake saye da kuɗi.

Akwai kuma abu guda da bai yi ba, wanda rashinsa ke damun masu nazari har yau. Ya adana fim, amma bai rubuta sunayen mutanen da ya ɗauka ba. Shi an gano sunansa bayan an taɓa rataye aikinsa babu suna. Matar da ta kishingiɗa da saurayin mai fure kuwa, tare da dubban 'yan Bamako da suka yi kwalliya suka bi layi a ƙofar gidansa, mafi yawansu har yanzu suna rataye a bangon manyan zaurukan duniya, babu suna a ƙarƙashinsu sai shekarar da ƙyallen bayansu ya nuna.